Kwamfutar Mai Lagireto Ta Tafasa

Daga Kawu

Assalamu alaikum, Injiniya 'yar ƙanwata.

Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da aikin da ya ɗauke mana ke. Mu nan alhamdu lillahi. Innarki tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Mahaifiyarki ta leƙo mu ranar Asabar, ta ce kin yi ƙiba a hoto. Ni ma ƙalau nake, in ban da idon nan. Na koma wurin likita, ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya tafi da rabi, na hagu yana bin sa a hankali. Na tambaye shi ko zan kai baɗi ina iya karatu, sai ya hau gyara takardun kan teburinsa. To, Allah ya sa mu dace.

Ga abin da ya sa na tare Direba, mai motar hayar da ke zuwa garinku, da sassafe na ba shi wannan. Kin san darussan gyaran lagireto da maƙwabcina Mai Hoto ya ɗauke ni a bidiyo ina yi a gareji, guda talatin da biyu. Shekara arba'in da ɗaya ina sana'ar nan, ba na son ta bi ni kabari. An gama ɗauka, saura yankewa da haɗawa, wannan kuwa sai ni, don Mai Hoto bai san dalma mai kyau da mai ƙuraje ba. Shi in fuskata ta fito tas, aiki ya yi. Na gama tara, saura ashirin da uku, kuma ina so in gama su tun ina ganin abin da nake yankewa.

Kwamfutar da kika haɗa min kafin ki tafi, Allah ya yi miki albarka, amma nawarta ta ishe ni. Darasi ɗaya sai ta yi awa uku tana fitar da shi. In na ga kuskure a ciki, wata awa ukun ce. Mai Hoto ya nuna min wani shafi da ake shiga in an kunna ta, inda ake ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, gudu. Na ɗaga lambar daga talatin da shida zuwa arba'in da biyar. Minti goman farko har tafi na yi. Daga nan fanka ta hau ihu, lambar zafi ta haye casa'in da takwas, sai ɗif, ta mutu da aikina a ciki. Sau huɗu ke nan tana yi min haka.

Ni in mota ta tafasa, abu uku nake dubawa: ruwa, fanka, toshewa. Wannan ba ta shan ruwa. Na cire murfin gefe na kafa mata fankar ɗaki, digiri biyu kacal ta rage min.

Ki rubuto a takarda, maganar waya ba ta zama a kaina. Direba zai juyo bayan kwana goma.

Kawunki, Mai Lagireto.

Daga Injiniya

Wa alaikumus salam, Kawu.

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina lafiya. A tsaye nake rubutun nan jikin motar Direba, yana ta danna min oda, don haka ka yi haƙuri da gajartarsa.

Kawu, arba'in da biyar? Wa ya aike ka? Mai Hoto ya tsaya a kan kyamararsa don Allah. Abin da kuka yi daidai yake da a taka mota a giya ta ɗaya har ƙasa a bar ta a haka. Da ka ɗaga lambar, kwamfutar da kanta take ƙara wa furosesa wutar lantarki don ya iya gudun, wutar nan ita ce zafin. Mutuwar da take yi kuwa kare kanta take yi, ka gode mata. In ka ci gaba, wata rana ba za ta tashi ba, kuma ba ni kusa.

Ka koma shafin nan ka mayar da komai yadda na bar shi. Ka mayar da murfin gefe. Kada ka kwance komai a ciki, na san hannunka da sukurudireba.

Awa uku ai ba shekara uku ba ce. Saurin me kake yi, Kawu? Wa ke bin ka? Ka yi ritaya, ba ka da komai sai lokaci. Ka bar ta ta yi aikinta, in na zo hutun ƙarshen shekara sai mu zauna mu duba tare.

Taka, Injiniya.

Daga Injiniya

Kawu, assalamu alaikum.

Ina fatan kana lafiya, da Inna da kowa. Sau biyu Direba yana zuwa hannu wofi. Karo na biyu na ce masa ko ya yar da takardar ne a hanya, ya ce shi ba a ba shi komai ba, kuma da ya tambaye ka, ka ce Injiniya ta riga ta gama magana. Na kira wayarka, Inna ta ɗauka ta ce kana gareji, alhali ina jin tarinka a bayanta.

Na yi fushi kwana biyu. Rana ta uku na ɗauko takardarka don in ga me na yi da zafi haka, sai na karanta ta daga farko. Kawu, ranar da ta zo ban karanta gaisuwar ba. Na saba gaisuwarka ƙafar Inna ce da hoton da Umma ta gani, sai idona ya tsallake ya faɗa kan lambobi. Har inda ka ce kana so ka gama tun kana gani, na wuce shi da gudu. Sai yanzu na ga maganar likita. Na zauna a bakin gado na yi kuka, kuma kunyar abin da na rubuto maka ta fi kukan yawa.

Na tambaye ka wa ke bin ka. Ka yafe min.

Ba za mu jira ƙarshen shekara ba. Za mu ƙara mata gudun, amma a kan tsari. Kafin nan ka faɗa min gaskiya, ba ta rantsuwar makanike ba: ka mayar da lambar ko ba ka mayar ba? Ka kwance wani abu? Nawa ne zafinta in tana zaune ba aiki? Darasi nawa ya rage?

Ka rubuto ko zagi ne, zan karanta daga layin farko.

'Yarka, Injiniya.

Daga Kawu

Wa alaikis salam, Injiniya.

Muna lafiya. Innarki ta ce in faɗa miki ita ba ta yi ƙarya ba, ni na sa ta. Ido yana nan yadda yake, ana ɗiga magani safe da yamma. Ki lura na sa shi a farko, tunda kin ce yanzu kina karanta farko.

Maganarki ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Ba zagin Mai Hoto ba, wannan ya cancanta. Cewar da kika yi ba ni da komai sai lokaci. Na ninke takardar na sa a aljihu, na yini a gareji ban kama ko noti ɗaya ba. Amma ya wuce. Ni na ɗauke ki a kafaɗa ranar da kika fara zuwa makaranta kina ihu, ba zan riƙe ki a kan layi biyu ba.

Yanzu amsoshinki. Ban mayar da lambar ba. Kuma na kwance. Kada ki ce komai tukuna.

Na ce a raina, yarinyar nan ta raina ni, ni da na sanyaya injin tirela. Na ciro ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke zaune a kan furosesa, wanda ni dai lagireto nake ce masa, don lagireto ne. A ƙarƙashinsa na tarar da wani abu toka-toka ya bushe ya tsattsage. Na ce yawwa, ga cutar, ƙarfe biyu suna haɗe ba maiko. Na kankare shi tas. Na ɗauko gwangwanin giris ɗina, ba na banza ba, jan nan mai jure zafi da nake sa wa boris ɗin manyan motoci. Na lafta mata shi ba rowa, na ɗaure.

Da can tana yin minti goma kafin ta mutu. Yanzu minti uku. Lambar ta kai ɗari cif, ɗakin ya ɗauki warin gareji, Innarki ta leƙo ta ce wai ko na dawo da sana'ar cikin gida ne. A zaune ba aiki ma sittin da biyar take nunawa.

Na san na yi ɓarna, don giris ɗin ya fara zirarowa ta gefe. Na kashe ta, kwana tara ke nan ban kunna ba. Kafin ɓarnar na lallaɓa na gama biyu guntu-guntu, tana mutuwa ina tada ta, saura ashirin da ɗaya. Kowace safiya ina rufe idon hagu in duba kalandar bango da na dama, in ga nawa ya rage min. Jiya ban ga jan rubutun Lahadi ba.

Ki faɗa min yadda zan yi, wannan karon zan bi.

Kawunki.

Daga Injiniya

Kawu, assalamu alaikum.

Na karanta daga farko, sau biyu. Allah ya ƙara sauƙi, kada a yi wasa da ɗigon maganin nan. A gaishe da Inna, a ce mata na yafe mata maganar garejin.

Giris, Kawu! Na yi dariya har abokiyar aikina ta zo ta ga ko lafiya, na kasa yi mata bayani. Amma hankalinka ya hango daidai, man nan ya bushe, da ma yana son canji. Kuskuren kawai shi ne aikinsu ba ɗaya ba ne. Giris don ƙarfe ya sulɓe a kan ƙarfe ne. Wancan kuwa don ya cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin furosesa da lagiretonka, zafi ya samu hanyar wucewa. Giris tare hanyar yake yi.

Ga ƙaramin sirinji na man gaske na ba Direba, da kwalbar sifirit. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe, kada ka ji haushi.

Ka cire wayar wuta daga bango. Ka goge giris da tsumma mai tsabta da sifirit har sai tsumman ya daina canja launi, har wanda ya ziraro gefe. Kada ka kankare da wuƙa. Ka ɗiga man a tsakiyar furosesa, kamar ƙwayar wake guda. Guda, Kawu. Ba a laftawa. Ka ɗora lagireton ka ɗaure kusoshin huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, yadda kake ɗaure kan inji. Wannan ka fi ni iyawa.

Sannan ka shiga shafin nan. Ka sauke gudun zuwa arba'in da biyu. A ƙasansa akwai layin ƙarfin wuta, ita take zaɓar wa kanta, kuma tana zubawa fiye da kima. Ka rubuta mata ɗaya da ɗigo biyu biyar da hannunka. In ta tsaya cak a kan aiki, ka ƙara kaɗan. In zafi ya yi yawa, ka rage gudun mataki ɗaya.

Ka mayar da murfin gefe, ka mayar wa Inna fankarta. An yi akwatin ne iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, buɗe gefe wargaza ta yake yi.

Ka ba ta darasi ɗaya ka zauna kana kallon lambar awa guda. Ƙasa da tamanin da biyar muke so. In ta wuce, ka dakata ka rubuto.

'Yarka mai jiran labari.

Daga Kawu

Injiniya, wa alaikis salam.

Lafiya lau muke. Idon dama ya kusa sallama, na hagu yana riƙe da amana. Rubutunki ya iso kamar allon talla, har Direba ya ce daga bakin titi ya karanta. Ban ji haushi ba, na karanta shi ba tabarau, na ji daɗi.

Na bi komai. Tsumma huɗu na ɓata kafin giris ya fita. Ƙwayar waken nan kuwa, wallahi sai da hannuna ya yi ƙaiƙayi in ƙara, Innarki ta tsaya a kaina da takardarki tana cewa guda aka ce. Na ɗaure a gicciye, na sa lambobin, na rufe murfi.

Ba ta mutu ba. Amma lambar ta tsaya a tamanin da tara, ta ƙi sauka. Kin ce in dakata in rubuto. Na dakata, amma kwana goman Direba sun yi min tsada, sai na zauna ina kallonta ina tunani. Injin da aka sa wa komai sabo kuma yana zafi, ba a zargin ƙarfe, iska ake bi. A gareji in ina shakkar fanka, zare nake riƙewa a gabanta. Na tsinko zare daga keken ɗinkin Innarki. Na riƙe a gaban akwati, iska ta ja shi ciki, daidai. Na zagaya baya na riƙe. Maimakon ya tashi waje, sai ya lafe a jikin ragar.

Fankar baya a juye take, Injiniya. Ta gaba tana turowa ciki, ta baya tana turowa ciki, zafi yana ta zagaye a tsakiya ba ƙofar fita. Ban san wane babban masani ne ya ɗaura ta haka ba. An ce min dai wata ce mai digiri biyu, ta haɗa kwamfutar ana gobe za ta tafi, tana yi tana amsa waya.

Kusa huɗu na kwance, na juya ta, na mayar. Saba'in da huɗu! Na kira Mai Hoto ya karanta min lambar don kada a ce idona ne. Darasin da yake cin awa uku, yanzu awa ɗaya da minti arba'in. Fankar ma ta daina ihu, sai wani ɗan huci mai daɗin ji.

Mai Hoto ya ce tunda akwai sarari mu koma arba'in da biyar. Na ce masa ya tsaya a kan kyamararsa, inji Injiniya. Cikin kwana shida na gama bakwai. Saura goma sha huɗu.

Kawunki, wanda bai yi digiri ba.

Daga Injiniya

Kawu, assalamu alaikum.

Ina gaishe ka, ina gaishe da idon hagu, Allah ya ƙara masa ƙarfi.

Na tuna ranar sarai. Ban duba kibiyar da ke jikin fankar ba. Ka gane abin da wannan yake nufi? Tun ranar farko a shaƙe take, shi ya sa take rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Nawar da ta ishe ka, ni na haɗa maka ita. Wata biyar kana zaman awa uku saboda kusa huɗu, ni kuma ina nan ina yi maka faɗan sauri. Na lissafa darussan da da tuni ka gama, na daina lissafin don raina ya ɓaci.

Na gaya wa abokan aikina labarin zaren. Babbanmu ya sa an kawo zare an rataye a ɗakin injinanmu, wai a gwada kowace fanka.

Kada ka taɓa lambobin, sun zauna. Ka riƙa hutar da idon tsakanin darasi da darasi. Na nemi hutun mako biyu, sun ce sai bayan wata guda. In zo in taya ka, ko zan zame maka cikas?

'Yarka mai juya fanka.

Daga Kawu, da hannun Inna

Injiniya, wa alaikis salam.

Kada rubutun nan ya tsorata ki. Innarki ce take rubutawa, ni ina faɗa. Lafiyata ƙalau, ina ci ina sha ina faɗa da mutane. Layin takarda ne kawai ya daina tsaya min wuri ɗaya, yau mako guda. Likita ya canja magani, ya ce abin da ya rage a na hagu za a iya riƙe shi in na daina taurin kai. Innarki ta ce in ƙara da cewa a nan ne matsalar take. Na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai, ga shi ta rubuta duka.

Ki yi shiru da lissafin nan naki. Da ba ki haɗa min kwamfutar ba, da fankar da za a juya ma babu.

Na gama. Talatin da biyu cif, ranar Talatar da ta wuce kafin la'asar. Ukun ƙarshe da ƙyar, hancina kusan a jikin gilashi, Mai Hoto ya ƙara min girman komai har kibiyar nuni da ke kan gilashin ta kai babban yatsa. Kwamfutar ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Ba ta wuce saba'in da takwas ba, ko a ranar da aka yi zafin nan.

Ki zo. Aikin ya ƙare, amma fuskar mutum har yanzu ina ganinta in ya matso kusa, kuma ina so in tabbatar da maganar ƙibar nan.

Abu ɗaya ya dame ni bayan na gama. Darasi na talatin, inda nake toshe ɓular da ke can tsakanin haƙarƙari, shi ne mafi wuya a sana'ar, kuma shi na yanka ina gani dishi-dishi. Ban san ko abin ya fito ba. Ban gaya wa kowa ba.

Jiya Mai Hoto ya kai talabijin gareji. Waɗanda na koya wa aiki suka taru, su bakwai, yawancinsu yanzu da furfura da garejinsu. Aka ba ni kujera a gaba, ni kuwa haske kawai nake gani yana motsi. Suna ta surutu suna dariyar hulata har aka zo na talatin. Can na ji babbansu, wanda ya yi shekara tara a hannuna, ya ce, "Tsaya, mayar baya." Aka mayar. Ya ce, "Kun ga? Ba dalmar yake zafafawa ba, bututun yake zafafawa ta ƙasa, ita take bin sa da kanta. Shekara tara ina tsaye a bayansa, kafaɗarsa tana tare min."

Sau uku suka sa aka mayar. Ni ban ga komai ba, Injiniya. Su sun gani.

Kawunki, Mai Lagireto.